Rufin Asiri da Shekarun da Fari Suka Cinye: Nazari kan Les Misérables na Victor Hugo

Gabatarwa

Kalmar kunya a Hausa fuska biyu gare ta. Akwai kunyar da ake yabo, wadda ke sa amarya ta sunkuyar da kai, uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, suruki ya kauce wa surukarsa a hanya. Wannan ado ce ga mai ita. Akwai kuma kunyar da ake sha, wadda ke biyo bayan abin da mutum ya aikata ko aka aikata masa, ta manne masa kamar tabon ƙuna, ta riga shi shiga kowane zaure. A kan wannan ta biyu ne addinin Kirista ya kafa ɗaya daga cikin manyan alkawuransa, wato cewa Allah yana ɗaga wanda kunya ta durƙusar, ya mayar masa da mutuncinsa. Kiristoci masu magana da Hausa kan kira dogaro da wannan alkawari bege, ma'ana sa zuciya ga abin da aka yi alkawarinsa amma ido bai gan shi ba tukuna.

Cikin ƙagaggun labaran Faransanci, da wuya a sami wanda ya auna wannan bege da ma'auni mai tsanani kamar Les Misérables na Victor Hugo, wanda ya fito a 1862. Galibin masu karatu abu ɗaya suke riƙewa daga cikinsa: wani limamin Kirista ya rufa wa ɓarawo asiri, ɓarawon ya shiryu. Wannan nazari zai nuna cewa rufin asirin mafari ne kawai. Abin da littafin ya ɗauki ɗaruruwan shafuka yana bi shi ne yadda mutumin da aka rufa wa asiri ya kai ga buɗe shi da bakinsa, da kuma wuraren da alkawarin ya yi jinkiri har mai karatu ya fara shakka.

Tushen begen

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san siffar alkawarin a Littafi Mai Tsarki. A sura ta 3 ta littafin Farawa, abin da Adamu da Hauwa'u suka yi bayan saɓo shi ne ɓuya, don sun gane tsirara suke. Kafin a fitar da su daga gonar kuwa, Allah ya yi musu sutura ta fata. Ke nan tun farko an haɗa kunya da tsiraici, an haɗa jinƙai da sutura. Littafin Ishaya, a sura ta 54, ya kwatanta jama'ar da aka ci da yaƙi da matar da aka yasar, aka yi mata albishir cewa za ta manta da kunyar ƙuruciyarta. A sura ta 61 kuma aka yi alkawarin rabo ninki biyu a madadin kunya. A Bisharar Luka, sura ta 15, ɗan da ya lalatar da gadonsa ya dawo yana neman matsayin bara, uban ya sa aka kawo masa riga da zobe da takalma tun bai gama ba da haƙuri ba. A Bisharar Yahaya, sura ta 21, Bitrus wanda ya yi musun sanin Yesu sau uku an yi masa tambaya sau uku, aka kuma damƙa masa kiwon garke.

Hoton da ya fi kowane nauyi yana cikin sura ta 2 ta littafin Yowel. Bayan an siffanta yadda fari suka share ƙasa, sai aka yi alkawarin mayar wa mutane shekarun da farin suka ci, aka ƙara da cewa ba za su sake shan kunya ba. Manomin Adar ko na Damagaram da ya ga farin 2004 ba ya bukatar a fassara masa wannan hoto. Shi ne ma zai fara tambaya: hatsi ana iya mayar da shi, rumbu ana iya sake cika shi, to shekara fa? Yaya ake mayar wa mutum shekarar da ta riga ta wuce? Hugo bai rubuta littafinsa a matsayin tafsirin waɗannan ayoyi ba, amma wannan tambaya ita ce ƙashin bayan labarin, domin tauraronsa mutum ne da aka cinye wa shekara 19.

Marubucin da littafinsa

An haifi Victor Hugo a Besançon a 1802. Ya fara rubuta wannan labari a watan Nuwamba na 1845, juyin 1848 ya katse shi, sa'an nan ya koma kansa a 1860 yana zaman gudun hijira a tsibirin Guernesey, bayan ya yi adawa da juyin mulkin Louis-Napoléon na 2 ga Disamba 1851. Littafin kashi biyar ne, kuma na farkon yana ɗauke da sunan wata mace, Fantine, na ƙarshen kuma sunan tauraron, Jean Valjean.

Akwai wani abu a tarihin marubucin da ya dace a ambata. A watan Yuli na 1845 an kama shi da matar wani, Léonie Biard. Ita aka kai ta gidan kaso na Saint-Lazare, shi kuwa aka sallame shi, domin ƴan watanni kafin nan an naɗa shi ɗan majalisar manya ta Faransa, muƙamin da ya kare shi daga kamu. Laifi ɗaya, mutum biyu, amma kunyar da hukuncin suka faɗa kan ɗaya. Wata huɗu bayan haka ya fara littafin. Ba dole ba ne a ce wannan ne ya haifar da labarin, amma ya nuna cewa marubucin ya san yadda jama'a ke rabon kunya, ya kuma san cewa ba da adalci take rabon ba.

Daren Digne

Jean Valjean mai sassabe itatuwa ne a ƙauyen Faverolles. A hunturun 1795 ya fasa tagar mai burodi ya ɗauki guda ɗaya don ƴaƴan ƴar'uwarsa su bakwai. Aka yanke masa shekara 5 na aikin wahala a Toulon, yunƙurin gudu sau huɗu ya mayar da su 19. Can aka karɓe sunansa aka ba shi lamba 24601. Da aka sake shi a watan Oktoba na 1815, sai aka haɗa shi da takardar shaida mai ruwan ɗorawa, wadda dole ya nuna ta ga hukuma duk garin da ya shiga. Wannan takarda ita ce kunya a rubuce: hukuncin ya ƙare, amma shelarsa ba ta ƙare ba. A garin Digne masu masauki suka kore shi duk da yana da kuɗin biya, mai gadin gidan kaso ya ƙi buɗe masa, har kare ya fatattake shi daga ɗan akurkinsa. Wata tsohuwa ce ta nuna masa ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba.

Mai gidan shi ne Bishop Myriel, babban limamin Katolika na garin, wanda Hugo ya zana shi bisa siffar wani bishop na gaskiya da ya riƙi Digne, de Miollis. Abin lura a wannan dare shi ne cewa kafin a kai ga gafara, an fara da ladabi. Valjean ya faɗi tarihinsa duka a bakin ƙofa, ya miƙa takardar. Bishop bai tanka batun ba. Ya sa a ƙara masa wuri a teburi, a shimfiɗa masa gado da zannuwa masu tsabta, a fito da cokulan azurfa kamar yadda ake yi wa baƙon girma. Ya kira shi Monsieur, ya yi masa magana da vous. Mai koyar da Faransanci ya san nauyin wannan. Shekara 19 ana jefa wa mutumin tu irin na raini, yau ga wani babba yana ce masa “ku”, kamar dai a ce wa tsohon ɗan kaso “Malam, bismilla, ku shigo”. Riga da zoben da ke cikin Bisharar Luka sun zama wakilin suna a alƙalamin Hugo.

Duk da haka cikin dare Valjean ya kwashe cokulan ya tsallake katanga. Da safe jandarmomi suka dawo da shi. Bishop ya shaida musu cewa kyauta ce, har ya ƙara masa da alkukai biyu na azurfa, wato mazaunan kyandir, yana nuna kamar mantawa ya yi da su. Wannan shi ne rufin asiri a cikakkiyar siffarsa. Amma akwai ƙari: bayan jandarmomin sun tafi, bishop ya tuna masa da alkawarin zama mutumin kirki, alkawarin da Valjean bai tuna ya taɓa ɗauka ba. A nan ne tunanin Kirista game da alheri ya fito fili. Ba a jira tuba ba kafin a ba da kyauta. An ba da kyautar, tuba ta biyo baya. An kira mutumin da sunan da bai cancanta ba tukuna, aka bar shi da aikin cika sunan.

Hugo ya yi hikima da bai sa shiriya ta sauko nan take ba. A yinin nan, a bayan gari, Valjean ya taka tsabar faran 2 ta wani yaro mai yawon neman abinci, Petit-Gervais, ya ƙi ɗaga ƙafa har yaron ya gudu yana kuka. Sai bayan nan ya ga abin da ya yi, ya bi daji yana kiran sunan yaron, bai same shi ba, ya fashe da kuka karo na farko cikin shekara 19. Wato alherin bishop bai fara da kawar masa da kunya ba. Ya fara da sauya mata iri. Da can kunyarsa ta waje ce, wadda mutane suka ɗora masa, ita ce ta haifar masa da ƙiyayya. Yanzu ya sami ta ciki, wadda ke sa mutum ya ga kansa. Ba don wannan babi ba, da labarin ya zama tatsuniya.

Sunan aro

Bayan haka sai ga wani baƙo a garin Montreuil-sur-Mer mai suna Madeleine. Ya ƙirƙiro hanya mai araha ta yin baƙaƙen duwatsun ado, ya kafa masana'anta, ya gina makarantu, ya ƙara gadaje a asibiti, har aka naɗa shi magajin gari a 1820. Sunan da ya zaɓa ba banza ba ne. Madeleine ita ce Maryamu Magadaliya, wadda al'adar cocin Yamma ta daɗe tana ɗaukarta misalin mai zunubin da ta tuba, ko da yake abin da Bisharar Luka ta faɗa a kanta shi ne an fitar mata da aljanu bakwai. Mutumin ya ɓuya a bayan suna, amma sunan kansa yana furta abin da ya ɓoye.

Idan alkawarin maido da mutunci yana nufin dukiya da muƙami da girma a idon jama'a, to da nan littafin ya ƙare. Hugo bai yarda ba. A 1823 aka gurfanar da wani tsoho, Champmathieu, da zargin satar tuffa, tsofaffin ƴan kaso uku da ɗan sanda Javert suka rantse cewa shi ne Jean Valjean. Hukuncin da ke jiransa ɗaurin rai da rai ne. Madeleine ba abin da ake nema gare shi sai ya yi shiru. Daren da ya kwana yana kokawa da zuciyarsa na cikin fitattun babobin adabin Faransa. Hujjojin yin shiru ba na son kai ba ne kawai: ɗaruruwan ma'aikata na ci daga hannunsa, ga Fantine kwance tana jiran ya kawo mata ƴarta. Ya ƙone tsofaffin tsummokaransa na kaso da sandarsa, har ya kusa narkar da alkukan bishop. Da gari ya waye ya kama hanyar Arras, ya shiga kotu gashin kansa ya koma fari fat, ya faɗi sunansa na gaskiya, ya kuma tabbatar da shi ta hanyar tuna wa ƴan kason uku alamomin da ba mai saninsu sai wanda ya zauna tare da su.

Wannan shi ne tsakiyar jigon. A Digne wani ne ya rufe; a Arras mai asirin ne ya buɗe. Muddin yana Madeleine, kunyar tana nan da ranta a ƙarƙashin rigar magajin gari, kuma tana da iko a kansa, tunda duk wanda ya gano ta ya riƙe masa wuya. Ranar da ya furta ta da kansa don ceton wani, ranar ta rasa wannan iko. Suna ɗaya ne, Jean Valjean, amma a 1815 shelar wulaƙanci ne a kan takarda, a 1823 kuwa shaidar gaskiya ne a gaban alƙali. Marubucin bai ɓoye tsadar abin ba: aka mayar da shi Toulon da sabuwar lamba, 9430, mutanen garin suka manta da alherinsa cikin ɗan lokaci, masana'antar ta rushe, talauci ya dawo.

Yadda ake mayar da shekara

Yanzu ana iya komawa ga tambayar manomi. Ba a mayar wa Valjean shekara 19 ba. Ƙuruciyarsa ta tafi, ƴar'uwarsa da ƴaƴanta sun ɓace, bai yi aure ba, bai haihu ba. Amma idan aka bi labarin a tsanake za a ga cewa duk abin da ya ceci rai da shi, a kaso ya koyo shi. Ƙarfin da ya ɗaga amalanken da ya danne tsoho Fauchelevent, ƙarfin aikin wahala ne, kuma shi ne ya ƙara ƙarfafa zargin da Javert ke masa, domin ɗan kaso ɗaya kaɗai ya taɓa gani mai irin wannan ƙarfi. Gwanintar hawan katanga da ya tsere da ita a Paris, ya jawo yarinya Cosette da igiya zuwa cikin lambun mata masu zaman ibada, gwanintar masu gudu daga kaso ce. A lambun kuwa wa zai tarar in ba Fauchelevent ba, alheri danƙo ne. Juriyar da ya ɗauko saurayi Marius a kafaɗa da ita, ya ratsa magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin birni lokacin tawayen 5 da 6 ga Yuni 1832, juriyar mai jan sarƙa ce.

Ke nan amsar littafin ita ce: shekarun ba su dawo ba, amma sun daina zama asara zalla. Abin da aka shuka cikin wulaƙanci an girbe shi cikin ceto. Wannan ya dace da wani abu a tunanin Kirista, inda Bisharar Yahaya ta nuna Yesu bayan tashinsa yana ɗauke da tabon ƙusoshi, har ma da su aka gane shi. Tabo ba ya gogewa, ma'anarsa ce ke sauyawa.

Javert da zanen dutse

Kuskure ne a karanta Javert a matsayin mugu. Shi ma ɗan kunya ne: a gidan kaso aka haife shi, uwarsa mai duba ce, ubansa yana aikin wahala. Mutum biyu ne da tabo iri ɗaya, kowa da yadda ya yi da nasa. Javert ya binne nasa ƙarƙashin kakin hukuma, ya riƙi aƙida ɗaya, wadda Bahaushe zai taƙaita da cewa hali zanen dutse ne. A gunsa duk tuban ɗan kaso tuban muzuru ne. Yana da gaskiya irin tasa, har ya taɓa neman a kore shi daga aiki da ya ɗauka ya zargi magajin gari bisa kuskure.

A shingen ƴan tawaye Javert ya faɗa hannun Valjean, aka ba shi izinin harbe shi, sai ya yanke igiyar ya sallame shi, har ya faɗa masa inda yake zaune. Hugo ya lura da wani ƙaramin abu: Javert, ba tare da ya sani ba, ya daina ce masa tu, ya koma vous. Girman da bishop ya fara bayarwa a Digne, shekara 17 bayan haka ya fito daga bakin maƙiyi. Daga baya Valjean ya faɗa hannunsa, shi ma ya ƙyale shi. Amma ya kasa rayuwa da abin da ya gani. In ɗan kaso na iya zama salihi, to dutsen da ya gina rayuwarsa a kai ya tsage. A daren nan ya faɗa kogin Seine. An yi wa mutum biyu alherin da ba su nema ba. Ɗaya ya yi kuka ya tashi, ɗaya ya ga bashi ne da ba zai iya ɗauka ba. Littafin yana nuna cewa karɓar gafara ya fi bayar da ita wuya.

Inda alkawarin ya yi jinkiri

Mai nazari na gaskiya ba zai tsallake Fantine ba. Wani ɗalibi ɗan masu hali, Tholomyès, ya yi wasa da ita ya gudu a 1817, ya bar ta da ƴa. Ta ba iyalin Thénardier riƙon yarinyar, ta sami aiki a masana'antar Madeleine. Wata mai bin diddigi ta tono cewa tana da ƴa ba aure, aka kore ta, mai masana'antar bai ma sani ba. Ta sayar da gashinta faran 10, haƙoranta biyu na gaba faran 40, daga ƙarshe ta sayar da kanta. Madeleine ya ƙwace ta daga hannun Javert, ya kuma shaida mata cewa in abin da ta faɗa gaskiya ne, ba ta taɓa faɗuwa a gaban Allah ba. Amma ta mutu ba ta ga ƴarta ba, aka binne ta a ramin gama-gari. Tholomyès kuwa ya zama babban lauya mai faɗa a ji.

Ina rabonta ninki biyu? Za a iya cewa an mayar mata ta hanyar Cosette, wadda ta tashi cikin gata ta yi aure. Amma wannan amsa ba ta ƙosar ba, domin mutum ba ya rayuwa a jikin ɗansa. Gaskiyar ita ce a nan Hugo ya jingina ga lahira kaɗai, kuma ya bar wa jama'a tuhuma. Namiji ya sami shekara 18 na sake gina kansa, mace ta sami ƴan watanni a gadon jinya. Ko wannan rauni ne na marubucin da ya kasa hango wa mace irin tashin da ya hango wa namiji, ko kuwa gaskiya ce ta zamanin da ya ƙi yi mata kwalliya, duka biyun suna da hujja. Wanda ya tuna da Saint-Lazare zai fi karkata ga cewa marubucin ya san abin da yake faɗa.

Ƙarshen Valjean kansa ma yana da ƙaya. A watan Fabrairu na 1833 Cosette ta auri Marius. Valjean ya ba ta kusan faran 600,000, ya ɗaure hannunsa kamar ya ji ciwo don kada ya sa hannu a takardar aure da sunan aro, washegari kuma ya faɗa wa Marius ko shi wane ne, don a ganinsa zama cikin iyali da sunan da ba nasa ba wata sata ce. Wannan Arras ce ta biyu. Sai dai furucin rabi ne: ya faɗi kaso, ya ɓoye cewa shi ne ya ɗauko Marius daga bakin mutuwa. Ya yarda a riƙa karɓarsa a wani ɗaki na ƙasa, ya ga an kashe wutar ɗakin, an janye kujeru, bai ce uffan ba, ya daina zuwa, ya daina cin abinci. Mutumin da ya gafarta wa Javert bai gama gafarta wa kansa ba. Shi ne mutum na ƙarshe a littafin da har yanzu yake karanta takarda mai ruwan ɗorawa. Abin mamaki, Thénardier ne, mafi ƙasƙanci a labarin, ya zo sayar da asiri don ya ɓata shi, sai ya wanke shi ba da niyya ba. Marius da Cosette suka iske shi yana gargara, kyandir na ci a kan alkukan nan biyu. Da aka tambaye shi ko a kira masa limami, ya nuna sama ya ce yana da shi. Aka binne shi a maƙabartar Père-Lachaise, dutsen kabarinsa ba suna.

Yadda aka karɓi littafin

Jama'a sun yi rububin sayen littafin, amma manyan marubuta sun rabu. Lamartine ya ga haɗari a cikinsa, Flaubert ya kushe shi a wasiƙa, Baudelaire ya yabe shi a jarida sa'an nan ya zage shi a wasiƙar da ya aika wa mahaifiyarsa. Cocin Katolika ta sa shi cikin jerin littattafan da ta hana mabiyanta karantawa a 1864, ba a cire shi ba sai 1959. Hugo dai ba mai bin coci ba ne. A wasiyyarsa ya ƙi addu'ar kowace coci, ya nemi addu'ar dukan rayuka, ya kuma furta imaninsa da Allah. Da ya rasu a 1885, a keken gawar matalauta aka ɗauke shi zuwa Panthéon, kamar yadda ya nema. Akwai kuma abin da masu tsantseni za su riƙe: sau biyu littafin ya rataya ceto a kan maganar da ba gaskiya ba, ta bishop ga jandarmomi, da ta sista Simplice, wadda ba ta taɓa ƙarya ba sai ranar da ta ɓoye Valjean daga Javert.

Wanda ya fi kowa gane jigon shi ne Dostoyevski na Rasha, wanda shi kansa ya yi shekara 4 a gidan kaso na Omsk. A 1862 ya rubuta cewa babban tunanin Hugo shi ne sake tayar da mutumin da zalunci da ƙyamar jama'a suka murƙushe, ya kuma kira wannan tunani na Kirista. Tolstoy ma ya lissafa littafin cikin misalan adabin da ke fitowa daga ƙaunar Allah da ta maƙwabci.

Kammalawa

Les Misérables bai tabbatar da begen Kirista ba, bai kuma ƙaryata shi ba, domin wannan ba aikin ƙagaggen labari ba ne. Abin da ya yi shi ne ya nuna siffar begen idan ya sauko cikin rayuwa: yana farawa da wanda ya yarda ya kira wulaƙantacce da sunan girma, yana bi ta kan furucin mai laifi da bakinsa, ba ya share tabo, kuma wani sashe nasa ba ya cika a duniya.

Malaman da ke karantar da littafin, musamman a gajerun bugu, za su yi wa ɗalibai adalci in ba su tsaya ga alkukan azurfa ba. A haɗa daren Digne da babin Petit-Gervais, da kotun Arras, da korar Fantine, da furucin ƙarshe a gaban Marius. Sa'an nan a bar ɗalibai da tambayar da ba ta tsaya ga addini ɗaya ko ƙasa ɗaya ba. Kowane gari yana da wanda ya fito daga kaso ya rasa mai ɗaukarsa aiki, yana da yarinyar da aka bar wa kunyar da mutum biyu suka jawo. A daren Digne ƙofofi da yawa aka ƙwanƙwasa, kuma masu su ba azzalumai ba ne, mutane ne masu tsoro da hujja. Ɗaya ce kawai ta buɗe.